Falalu Bai Sa Hannu Ba

Falalu Abdulkahar Aujara, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai taɓa yarda da abin da aka rubuta a jikin kaya ba. In ya je sayen maganin zazzaɓi sai ya juya kwalin gaba da baya, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya bi ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa, mai kemis na tsaye yana ƙwafa. In mai kankana ya ce masa wannan zuma ce, sai ya tambaye shi, "Ka sha ne?" Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "anya", har abokai suka laƙaba masa Malam Anya, yana amsawa kuwa ba ya fushi. Yau wata biyar ke nan da muka kai shi makwancinsa. Abokina ne tun muna yara, kuma duk da wannan hali nasa na rashin yarda, ban san wanda ya fi shi taushin zuciya ba.

Shekara arba'in da uku ya yi a duniya. Bai tara dukiya ba, bai riƙe muƙami ba. Abin da za a daɗe ana tuna shi da shi kwana huɗu ne a kakar bara, lokacin da aka miƙa masa wani rubutu mai layi huɗu aka ce ya sa hannu. Da ya sa, da rubutun ya fara aiki a wayoyin mata wajen ɗari uku na ƙauyukan Kiyawa da Jahun, yana gaya musu yawan gubar da za su sa wa wakensu. Ƙin sa hannun ne ya raba shi da aiki mafi kyau da ya taɓa samu.

A Aujara aka haife shi, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Abdulkahar, yana da makarantar allo a zaure, kuma yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ɗalibi ba zai fara biya abin da ya rubuta ba sai an duba allon. Dalilinsa shi ne kuskuren da aka bari a kan allo shi ɗalibi zai haddace, cire shi daga ka kuwa ya fi wanke allo wuya. Da idon Malam ya fara rauni sai ya ɗora wa Falalu duba allunan, yana ɗan shekara goma sha biyu. A nan ya koyi karanta abin da ke rubuce, ba abin da yake tsammanin an rubuta ba. Manyan ɗalibai masu gemu sun sha jin haushinsa, don yakan mayar musu da allo saboda ɗigo ɗaya.

Ya yi firamare da sakandare, ya zo Dutse ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata tara, ya sami aiki a wani shagon buga takardu kusa da sakatariya. Shekara goma sha biyar yana kan kujera ɗaya. Ya auri Radiyya, suka kama hayar ɗaki biyu a unguwar Takur, Allah ya ba su Afra'u da ƙannenta biyu. Radiyya takan ce ita ma sai da ya yi wata takwas yana bincike a kanta, har kakarta ta aiko a tambaye shi ko gona zai saya.

A wannan shagon Izzuddeen ya same shi. Izzuddeen matashin injiniyan kwamfuta ne, ɗan Dutse, ya gama karatu a Kano ya dawo gida da burin yi wa manoma manhaja. Ya kawo takardar neman tallafi a buga masa. Falalu ya buga, ya miƙa masa, ya ce, "Injiniya, a shafi na uku ka ce ƙauyuka arba'in, a shafi na tara ka ce talatin da shida. Ina huɗun suka shiga?" Mutum biyar sun karanta takardar nan kafin shi, ba wanda ya gani. Bayan wata biyu Izzuddeen ya dawo ya ɗauke shi aiki.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani bene, mutum huɗu da fanka ɗaya. Abin da suke ginawa sun sa masa suna Ɗan Aike, manhaja ce irin ta zamanin nan mai ƙirƙirarriyar basira. Manomi zai aika saƙon murya ta waya, Ɗan Aike ya saurara ya ba shi amsa da Hausa. Hira kam ya iya ta. Amma in aiki na gaske ake so, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin wasu ƙananan manhajoji da aka jera masa, waɗanda a ofis ake kira kayan aikinsa: akwai na hasashen ruwan sama, akwai na kama layin tarakta, akwai na gane cutar ganye daga hoto, har guda goma sha huɗu. Ɗan Aike ba ya ganin cikinsu. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, layi uku ko huɗu, mai cewa ga aikina, ga lokacin da za a ɗauke ni, ga abin da za a ba ni. Da wannan bayanin yake yanke shawara. In bayanin ya yi ƙarya, zai yi aiki da ƙaryar cikin ladabi. In bayanin ya yi shiru a kan wani abu, sau da yawa shi ma sai ya yi shiru, musamman da yake an umarce shi ya riƙa gajarta amsa saboda tsadar data.

Sun ɗanɗana kuɗarsu tun a gwajin farko. Bayanin kayan aikin tarakta cewa kawai ya yi na harkar tarakta ne, bai ce da zarar an taɓa shi ya kama wa mutum layi ba. Wani dattijo a bayan Kiyawa ya tambaya ko tarakta na zuwa yankinsu, tambaya kawai, ranar Asabar da safe ya fito ya tarar da ita a ƙofar gidansa tana ruri, direba na neman a nuna masa gona. Daga ranar Izzuddeen ya kafa doka da bakinsa: babu kayan aikin da zai hau kan Ɗan Aike sai Malam Falalu ya duba bayaninsa ya sa hannu.

Yadda yake aikin kuwa abin kallo ne. Sai ya kwafe bayanin da biro a littafinsa, don ya ce ido na tsallake abin da hannu ba ya tsallakewa. Sannan ya ɗauki wayar gwaji ya riƙa yi wa Ɗan Aike tambaya da muryoyin mutanen da ya sani: tsohon da sai ya zagaya ta kan gaisuwa da labarin jakinsa kafin ya zo kan magana, matar da ke raɗa don kada surukarta ta ji, makiyayin da ke haɗa Hausa da Fillanci. Yana so ya ga wane kayan aiki za a ɗauka, da abin da zai biyo baya. Daga nan ya ba bayanin maki, kore ko rawaya ko ja. Shi ya gano cewa na hasashen ruwa yana cewa "a garinku" alhali ma'aunin Dutse kaɗai yake da shi. Abokan aikinsa suna tsoron jan bironsa, suna kuma dariyar kwaikwayon muryoyin.

Ranar Litinin, farkon kwana huɗun nan, saura kwana uku a ƙaddamar da Ɗan Aike a Kiyawa, Izzuddeen ya ajiye masa takarda a kan tebur. Kayan aiki ne na goma sha biyar, na Alhaji Muntaka. Alhaji Muntaka babban mai sayar da taki da maganin feshi ne a Dutse, shi ya ɗauki nauyin taron, rumfuna da kujeru da wayoyin da za a raba wa shugabannin ƙungiyoyin mata. Abin da ya nema kawai shi ne a sa wa Ɗan Aike lissafin ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa wake in za a ajiye shi. Ma'anar bayanin da Hausa ita ce: wannan yana lissafa yawan ƙwayar da za a sa wa buhunan wake ko masara, a ba shi adadin buhuna, yana mayar da adadin ƙwaya da yadda ake sa ta, a ɗauke shi duk lokacin da manomi ya tambayi yadda zai kare amfaninsa daga ƙwari.

"Malam Falalu, wannan ba ya cin lokaci," in ji Izzuddeen. "Lissafi ne zalla. Sa hannu mu wuce."

"Anya."

"Ka fara ke nan."

Ya kwafe shi a littafi, ya gwada shi sau ashirin. Ya aika aka aro masa gwangwanin maganin ya gwama lissafin da abin da ke jiki, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Duk da haka zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Bayanin ya yi masa sumul da yawa, kamar rigar da aka datse wa hannu aka yi mata kalmasa mai kyau. Ya rasa abin da zai nuna da yatsa, ya kuma kasa sa hannu. Ya koma gida da yamma ya zauna gaban tuwo yana kallonsa, har Radiyya ta ce, "Abban Afra'u, tuwon ma sai an kawo maka bayaninsa a rubuce?"

Ranar Talata akwai sunan ɗan ƙaninsa a Aujara, ya hau babur da sassafe. Bayan an raɗa suna an watse, ya shiga cikin gida gaida Iya Gaji, ƙanwar kakarsa, tsohuwar da har yau ba ta yarda ta ajiye kaskon ƙosai ba. Tsakaninsu akwai wasan jika da kaka.

"A'a, angon nawa ne yau a gari? Hannu rabbana ko, kamar kullum? Ni fa na gaji da auren nan na babu cefane."

"Ke da kika tsufa wa zai yi miki cefane? Sabuwa nake nema a Dutse."

"Wace mai tsautsayin ce za ta ɗauki mai kunne kamar faifai? Zauna, ka tare mini haske."

Babu kujera a ɗakin, sai ta nuna masa buhu. Yana zama ya ji ƙwayoyi na motsi a ƙarƙashinsa. Wake ne. Ya duba da kyau, buhu huɗu, biyu a gindin gado, biyu a bayan ƙofa, an lulluɓe su da tsohon zane. A kan gadon jikokinta mata biyu na barcin rana, ƙaramar ta zuro ƙafa ta ɗora a kan buhu. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma an toshe ta da kwali saboda sauro.

"Iya, me ya sa ba kya kai waken nan rumbu?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Rumbu na maza ne, na abincin gida. Wannan nawa ne, jarina. In na kai can kowa ya wuce ya ɗebi kwano, yau baƙi, gobe sadaka, kafin azumi sai buhu fanko. A gidan nan ka tashi ko a Turai? Wace mace ka taɓa gani ta raba ɗaki da wakenta?"

Ya sani sarai. Mahaifiyarsa ma haka take yi, shi kansa ya sha barci da kansa a jikin buhu. Shekara ashirin na zaman birni ne suka shafe masa abin. Ya zaro wayar gwaji daga aljihu ya ce, "Ga wani ɗan aike na kawo miki. Tambaye shi yadda za ki hana ƙwari cin waken nan."

Ta karɓa, ta kai ta bakinta, ta ɗaga murya kamar mai magana da na ƙetaren rafi. "Salamu alaikum, bawan Allah. Ina wuni, ya aiki? Ni ce Gaji. Wake gare ni buhu huɗu, bara ƙwari sun mayar mini da rabinsa gari. Yaya zan yi?"

Ɗan Aike ya amsa sallama, ya ce mata sannu da ƙoƙari Hajiya, ya faɗa mata adadin ƙwayoyin da za ta sa da yadda za ta cusa su ta ɗaure bakin buhu, ya yi mata fatan alheri. Bai tambaye ta komai ba.

"Kai, wannan ya fi ka ladabi. Har da Hajiya! To in ka koma ka sayo mini ƙwayar ka ba direba ya kawo mini."

Falalu ya dubi ƙafar yarinyar da ke kan buhu. Jiya-jiya ya karanta jikin gwangwanin. Ƙwayar nan in ta sha iska wani tururi take fitarwa da ido ba ya gani, shi ke kashe ƙwaro, kuma yana kashe mutum in ya kwana da shi a rufaffen ɗaki.

"Iya, ki yi mini alkawari ba za ki sa komai a waken nan ba sai kin ji daga gare ni."

"Au, kishi kake da shi don ya ce mini Hajiya?"

Amma da ta dubi fuskarsa sai ta bar wasan, ta yi alkawarin.

Ranar Laraba da safe ya ja wa takardar jan layi daga sama har ƙasa, ya ajiye a gaban Izzuddeen.

"Ja? Malam Falalu, gobe ne fa! An kafa rumfuna, mata na zuwa daga ƙauye goma sha ɗaya. Lissafin daidai ne ko ba daidai ba ne?"

"Lissafin daidai ne. Bayanin ne ba daidai ba. Ya ce a ɗauke shi duk lokacin da aka tambaya, bai ce a fara tambayar inda buhun yake ba. Matan da za ka raba wa waya gobe, da wakensu suke kwana."

"Ai akwai gargaɗi a jikin gwangwani."

"Wa ke sayen gwangwani, Injiniya? A kasuwar ƙauye ɗai-ɗai ake sayar da ita, a ƙulle a leda. Ko gwangwanin aka ba Iya Gaji, ita da wa za su karanta?"

Izzuddeen ya fita amsa waya. Falalu ya buɗe ma'ajiyar kwamfutar ofis inda tsofaffin rubuce-rubuce ke zama, yana neman asalin takardar da ta zo daga shagon Alhaji. Ya same ta. Layi biyar ne ba huɗu ba, na biyar ɗin yana cewa kada a yi amfani da maganin a inda mutane ko dabbobi ke kwana. Wani ya goge shi kwana goma da suka wuce, kuma da sunan ofis aka shiga, sunan da kowa ke shiga da shi, har da akawun Alhaji da ya zo sau biyu ya zauna a kan kwamfutar.

A nan halin Falalu ya yi masa aiki, a nan kuma ya kayar da shi. Ya tambayi kansa wa zai ci riba in gargaɗi ya ɓace, amsa ɗaya ta zo masa: mai sayar da ƙwayar. Da Izzuddeen ya dawo ya nuna masa layin. Fuskar Izzuddeen ta sauya, ya ce da sauri, "Bar maganar nan, za mu mayar da shi kawai."

"Wa ya cire?"

"Na ce ka bar ta."

Falalu ya ɗauka rufa wa Alhaji asiri yake yi. Izzuddeen kuwa da ya ga an matsa masa sai ya harzuƙa ya ce, "Kai ma ai ana magana a kanka. An ce an gan ka da masu sayar da buhun nan mai leda a ciki da ke hana ƙwari, su suke so a daina sayen ƙwaya." Ƙarya ce wani ya ƙulla, amma ta shiga Falalu har ƙashi. Ya tattara takardun biyu, ya yi sallar la'asar, ya nufi shagon Alhaji Muntaka. Izzuddeen ya bi shi a baya yana kira.

Shagon cike yake, lokacin kaka ne, manoma na zaune a kan benci suna jiran layi. Falalu ya gaida Alhaji, ya ce yana da abin da zai sa masa ya ji. Ya kunna muryar Iya Gaji da amsar Ɗan Aike, ya faɗi inda buhunan suke da waɗanda ke kwana a ɗakin. Da ya tsaya a nan, da shi ke nan. Sai ya ɗaga takardun biyu a gaban jama'a ya ce, "Alhaji, wannan layin da aka goge, don ciniki ya ƙaru aka goge shi? Ran mata da yara bai kai kuɗin ƙwaya ba?"

Alhaji Muntaka ya cire tabarau a hankali ya ajiye a kan kanta.

"Malam, ni kake cewa na goge?" Ya juya wajen benci. "Yahuza, tashi. Shekara nawa kana sayen ƙwayar nan a wurina?"

Wani manomi mai furfura ya miƙe. "Ta fi goma, Alhaji."

"Na taɓa miƙa maka ban tambaye ka inda za ka sa ba?"

"Wallahi ko sau ɗaya. Bara ma korata ka yi, da na ce a shagon da ƙanina ke kwana zan sa. Har na yi fushi na wata biyu."

"Shekara talatin ina sana'ar nan," in ji Alhaji. "Duk wanda ya tsaya a bayan kantar nan, abin da nake fara koya masa ke nan: ina za ka sa, wa ke kwana a wurin? Ban rubuta a yi tambaya ba don ban taɓa tunanin akwai mai sayar da guba bai yi tambaya ba. Na ɗauka na'urar taku tana da hankalin da mai jiran shago yake da shi. Gargaɗin kuwa da hannuna na sa a rubuta. Ka zo gaban mutane ka ce na sayar da ran yara?"

Daga bakin ƙofa Izzuddeen ya ce, "Ni na goge."

Kowa ya juya. Kansa a ƙasa ya yi bayani. Bayanan sun yi tsawo, Ɗan Aike na jinkirin amsawa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rage layuka. Da ya zo kan wannan ya ce a ransa wa zai kwana a sito, ya goge. A gidan ma'aikata ya tashi, bai taɓa ganin buhun wake a ɗakin kwana ba. Da safe kuma kunya ta hana shi faɗa.

Falalu ya tsaya da takardu a hannu. Ya ce, "Alhaji, ka gafarce ni." Alhaji bai dube shi ba, sai ya juya ya yi wa Izzuddeen magana.

"Abin nan ba zai fita da sunana gobe ba. Ba zai fita ba sai ya iya tambaya kamar yadda nake yi. Taro a yi shi, ban janye komai ba. Amma in kana so mu ci gaba, kada in sake ganin mutumin nan a harkar da nake ciki."

Ranar Alhamis, lokacin da ake ta jawabi a Kiyawa ana raba wayoyi da kayan aiki goma sha huɗu, Falalu na zaune shi kaɗai a ofis. Bai jira a sallame shi ba, don ya san ofishin ba zai tsaya ba in Alhaji ya janye. Ya rubuta sabon bayani. Ya fara da cewa ƙwayar guba ce mai kisa ta numfashi. Kada a ɗauki wannan kayan aiki sai an tambayi inda buhunan suke, da ko mutum ko dabba na kwana a wurin ko a ɗakin da ke manne da shi. A yankin nan mata a ɗakin kwanansu suke ajiye wake, don haka kada a ɗauka akwai sito. In amsa ba ta fito fili ba a sake tambaya. In ana kwana a wurin kada a faɗi adadi ko an nace, a ba da shawarar jarka mai murfi ko buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga. A ƙasa ya ƙara wa Izzuddeen cewa a gyara manhajar kanta ta ƙi yin lissafi in ba a ba ta amsar wurin ba, don bayani kaɗai bai isa a jingina rai da shi ba. Wurin sa hannu ya bar shi fari, ya rubuta a gefe cewa wanda ya yi rubutu ba shi ke duba kansa ba, a nemi wani. Ya ɗora mukulli a kai ya sauko.

Bayan sati uku Izzuddeen da kansa ya ɗauki wayar gwaji ya tafi Aujara wurin Iya Gaji. Ɗan Aike ya tambaye ta inda buhunan suke, ta faɗa, ya hana ta ƙwayar. Ta nace, ta ce ita ce Hajiyar rannan, ya ba ta haƙuri ya sake hana ta. Ta yi mita ta gaji, ta aika aka sayo mata jarkoki. Daga nan aka saki kayan aikin ga sauran matan.

Falalu ya koma shagon buga takardu, kan kujerarsa ta da. Bai taɓa kukan rashin aikin ba, ko da Radiyya ta koma yin ɗinki don a rufa asiri. Abin da ya tsaya masa a rai Alhaji ne. Yakan ce ya ga ramin da kyau, amma ya nuna wanda bai haƙa ba. Sau uku yana zuwa shagon neman gafara. Zuwan farko Alhaji ya shige ciki. Na biyu ya amsa sallama ya ci gaba da ciniki. Na uku ya sa aka ba shi kujera da ruwa, suka yi maganar damina, amma kalmar da ya je nema ba ta fito ba. Yana shirin komawa na huɗu ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar zafin bana, zazzaɓi da ciwon ciki. Kwana tara ya yi. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

A rana ta uku ta zaman makoki, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Takur, sai ga motar Alhaji Muntaka. Ya cire takalmi ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Bai tashi ba. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Jama'a, ku shaida. Na yafe wa Malam Falalu tun zuwansa na biyu, girman kai ne ya hana ni faɗa masa. Na ce sai ya ƙara zuwa sau ɗaya." Ya rufe fuska da hannun riga.

Ya bar Radiyya da 'ya'ya uku, da mu da ba mu saba da rashinsa ba har yanzu. Allah ya haskaka kabarinka, Falalu, ya yi maka hisabi mai sauƙi, ya raya abin da ka bari.